Ciwon haƙorin gidanmu

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar maigidana, kuma har yau in na ga mai tallan goro sai hawaye ya zo mini. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, don haka ku yi haƙuri da maganar tsohuwa.

Ɗan sanda ne. Daga Damagaram aiki ya kawo mu Arlit, lokacin da kamiyo, manyan motocin kaya, ke jerin gwano a hanyar Agadas. Kowane direba ya tsaya a shinge sai ya miƙo abu a dunƙule, ya ce ga goro. Mai da kyauta cin fuska ne a wurinmu, shi kuwa ba ya son wulaƙanta kowa. Sai ya dafa kumatu ya ce, "Na gode, amma haƙorina ba ya ɗaukar goro." Har a komsariya, ofishinsu na ƴan sanda, abokan aikinsa suna tsokanarsa, wai ya je a cire haƙorin ya huta.

Ni kaɗai na san haƙoransa garau suke. Babu mai son goro kamarsa. Ni ke sayo masa a kasuwa in ƙulle a bakin zane, ya ci a cikin ɗaki. Ya kan ce idan baki ya ci, ido ke jin kunya.

Na sha tambayar kaina abin da zai ce da ya ga Arlit ta yau. An rufe ramin haƙar ma'adini na Akokan, albashi ba ya kai ƙarshen wata, ga autanmu Laminu ya sa irin kakinsa. Tun ranar ban sake barci mai daɗi ba. Sunan ubansa kaɗai muka gada, ina tsoron kada yunwa ta sa ya sayar.

Ana gobe babbar sallar bana wani Alhaji ɗan Tawa, wanda su Laminu suka tsare masa mota a shinge, ya shigo gida janye da rago. Bai nemi Laminu ba, ni ya durƙusa wa.

"Inna, ga ɗan goron sallarki."

Ba mu da abin yanka. Na dubi Laminu da ke tsaye a gefe. Sai na ga ya ɗaga hannu a hankali ya dafa kumatu.

"Alhaji, an gode. Amma ciwon haƙori gadon gidanmu ne, har Inna bai bari ba."

Alhaji ya yi dariyar yaƙe ya ja ragonsa. Ni kuwa kuka na yi har maƙwabta suka leƙo. Ashe barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Malam bai bar mana gida ko garke ba, wannan ƴar ƙaryar ya bari, Allah ya yafe masa ita, ya haskaka kabarinsa. Ranar salla naman maƙwabta muka ci. Da la'asar na kira Laminu ɗaki, na kwance bakin zanena na ba shi farin goro. Ya cinye tas.