Minti Arba'in Zuwa Rijiyoyin Salaga

Ina koyar da aji shida a wata firamare a Bawku. Da aka kawo mana majigi, hedimasta ya tara mu ya ce daga yanzu za a riƙa kai yara yawon buɗe ido ta intanet, suna zaune a aji. Ya ba mu jerin wurare: gidan tarihi a Turai, dutsen ƙanƙara, ƙarƙashin teku. Na ce ni Salaga zan kai nawa. Rabin ajina jikokin fataken goro ne da suka riƙa zuwa can, kuma babu wanda ya taɓa wuce Yendi a cikinsu. Ya ce ya ba ni darasi ɗaya. In ya lalace, in koma jerinsa.

Na tsara abin daki-daki. Kawuna yana Salaga yana sayar da doya. Shi zai riƙe waya ya kira mu ta bidiyo. Na farko tasha, na biyu kasuwa, na uku tsofaffin rijiyoyin da ayari ke sha. Minti arba'in.

Abu ɗaya na manta: Kawu ba ya wuce mutum bai gaishe shi ba. Daga tasha ya haɗu da mai nama. Ina gajiya, ina iyali, yaya ƙafar nan. Sai tela. Sai wata tsohuwa mai koko, wadda ta leƙo cikin wayar ta ce, "Waɗannan 'ya'yan wa ne, ba su iya gaisuwa ba?" Yara suka miƙe suka gaishe ta. Aka kaɗa ƙararrawa muna bakin kasuwa.

Hedimasta ya ce, "Malam, kun je Salaga ko kun je gaisuwar Sallah? Magana ta ƙare."

Ban ce wa Kawu ya daina gaisuwa ba. Ba ni na haife shi ba. Abin da na yi uku ne. Na roƙe shi ranar Talata ya bi hanyar ba tare da waya ba, ya gaisa da kowa har ya ƙoshi, ya shaida musu gobe yana tafe da baƙi. Na cire tasha daga tsari. Na rubuta "Tarihi" a allo, ban sanar da ofis ba.

Ranar Laraba Kawu ya ratsa kasuwa yana ɗaga hannu kawai, ana ɗaga masa. Tsohuwar ce kaɗai ta tsare shi, wai gaisuwar jiya ta jiya ce. Ta cinye mana minti shida. Yana shiga ciyawar da ke kewaye da rijiyoyin, ƙararrawa ta kaɗa. Na waiwaya, ga hedimasta a bakin ƙofa.

"Malam, wa ya ba ka izini?"

"Ranka ya daɗe, babu. Takardar gargaɗi kuma zan zo in karɓa da kaina. Amma ba wanda zai tashi sai mun ga ruwa."

Kawu ya durƙusa ya zura wayar cikin bakin rijiya. Duhu ya cika bango, sannan ruwa ya bayyana can ƙasa. Wata yarinya ta ce, "Malam, nan kakan babana ya sha?"

Na ce, "Nan ko ta kusa da ita. Ku rubuta."

Na karɓi takardar da azahar. Mako na gaba muka tafi Yendi ta majigin.