Ƙarfen da Na Buɗe a Saman Lilo

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a duk direbobin da suka taɓa jan motar makaranta a garin Suleja, ban san wanda ya kai ni wauta ba ranar da na hau lilon Abuja da babbar riga. Ranar nan ba ta taɓa barin kaina ba, kuma ba don na yi abin yabo a cikinta ba ne. Ku ƙananan direbobi da kuke ce mini Baba Tanko, kuna ba ni benci in na zo, yau ku ji wanda kuke tashi wa. Karatuna aji uku ne, shi ma rabinsa a bakin rafi na yi shi, don haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuciyarsa.

Lokacin ina shekara ta goma sha ɗaya da tuƙa bas ɗin wata makarantar kuɗi a unguwarmu. Duk ƙarshen zangon karatu na biyu akan kai 'yan aji huɗu zuwa shida yawon buɗe ido a Abuja. Abin yana da tsari. Shugabar makaranta, Madam Ista, ita ke riƙe da takardar sunaye wadda iyaye suka sa wa hannu. Kowane malami da yaransa goma. Ana ƙirga su in za a shiga mota, ana ƙirga su in an sauka. Shi kuwa direba aikinsa ya duba birki da taya da ruwa, ya kai su, ya zauna wurin motarsa har su dawo. Direba ba ya shiga wasa. Wannan dokar ita na fara takawa.

Da safen Asabar ɗin da za mu tafi, maƙwabcina Malam Sale mai walda ya kawo 'yarsa Rukayya da kansa. Shekararta tara, 'yar siririya, kuma ko kaza ce ta tashi kusa da ita sai ta zabura. Ya ja ni gefe ya ce, "Baba Tanko, wallahi don kai ne a motar na sa hannu. Ga amanarka nan."

Na ce, "Haba Sale, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba."

Ban sa yunifom ba ranar. Babbar rigata na zuba, ta shuɗiyar shadda mai aiki har cibiya, wai kada mutanen Abuja su gane direba ne. Madam ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baba Tanko, ɗaurin aure za mu?"

Na ce, "Madam, in wani babba ya gan ni ya riƙe ni a can, sai ki nemi mai dawo da ku."

Akwai wata ɗabi'a tamu da sai na bayyana wa wanda ba direba ba, don ita ce gindin labarin. Da mun hango jami'an kiyaye haɗurra, sai mu jawo bel mu ɗora a kafaɗa, mu danne bakinsa da cinya. Daga waje kamar a ɗaure. Da an wuce sai mu sake shi. Na yi shekara talatin ina wannan, har ina koya wa na ƙasa da ni. A ganina duk abin da aka ce a ɗaura, don idon mai dubawa aka yi shi.

Mun wuce dutsen Zuma yara suna ta gardamar ina idon dutsen yake, muka bi ta Zuba da Kubwa muka shiga gari. Suka ga tituna masu layi-layi da gadoji, suna ƙirga hawan benaye da yatsa, suna ihu duk inda aka ga ruwa yana tsartuwa a tsakiyar shatale-tale. Ni kuwa ina ta zuba musu ƙarya, ina nuna gidajen mutane ina cewa duk na sha shayi a ciki. Da azahar aka raba dafa-duka. Yara biyu suka ce ba sa ci, na taimaka musu. Wannan ma ku riƙe shi.

Daga nan sai wurin wasa. Abin da ya fi jan ido wani ƙaton lilo ne kamar tayar keke da aka tsayar, ya fi duk benen da na sani a Suleja tsawo. Kujeru ne rataye a jikinsa, kowace ta mutum biyu, da ƙarfe guda da ake saukarwa a kan cinyoyinsu a kulle. Kowa ya shiga layi ban da Rukayya. 'Yan ajinsu suka fara yi mata dariya, idonta ya kawo ruwa. Madam ta ce a ƙyale ta, ba dole. Da na yi shiru da shi ke nan. Sai na ce, "Rukayya, taho mu hau tare, mu ba su kunya."

Madam ta ce, "Motar fa?"

Na ce, "Na kulle ta. Kuma ɓarawon da zai saci wannan tsohuwa ai taimakonmu ya yi."

Mai kula da injin wani mutumin kudu ne, Sande, mai faɗin kafaɗa, Hausarsa tana ɗingishi amma ana ganewa. Ya ce, "Baba, wannan riga ba ya hawa. Akwai iska a sama. Ka cire."

Na ce, "Sande, rigar nan ta girme ka, ka gaishe ta."

Gaskiyar magana singiletin da ke ciki ya fi rariya huji. Da ya ga na kafe, sai ya tattara rigar da hannunsa ya cusa mini a ƙarƙashina, ya ce in zauna a kai kada in motsa. Ya sauke ƙarfen, ya danna har ya ce ƙas, ya jijjiga shi ya tabbatar, sannan ya wuce kujera ta gaba. Mutumin nan ya yi aikinsa, ban da abin cewa.

Ƙarfen ya nutse a cikin dafa-dukar nan. Lilo ya ɗan ɗaga don a loda na bayanmu, na laluba gefena na ji ɗan makullin, yatsun direba suka yi abin da suka saba. Na buɗe, na ɗaga shi kaɗan, na ɗora hannu a kai kamar a kulle. Sai kuma na hango wani malami yana ɗaukar hoto, na zaro rigar daga ƙarƙashina na yafa hannayenta a kafaɗa. Ban ko tuna cewa ƙarfen nan guda ɗaya ne ni da yarinyar ba.

Zagayen farko lafiya. Muka ga gari shimfiɗe, motoci kamar ƙwari. Na ce mata ga Zuma can, ga ma shagon babanta, har ta yi murmushi. A zagaye na biyu, muna hawa, iska ta ɗebe hannun rigata na dama ta wurga shi waje, ya sarƙe a wani noti na jikin ƙarfen da ke riƙe da kujerar.

Ga yadda abin yake. Kujera tana zaune daidai, amma ƙarfen da ta rataya a jikinsa yana zagaya ta kamar hannun agogo. Duk abin da ya kama, da shi zai tafi. Na fara jin ana jan wuyana a hankali, kamar wani ya kama ni ta baya ba ya sauri. Na fizga, shadda ta ƙi. Telan da ya ɗinka ta ya ce sai na gaji da ita, ashe bai yi ƙarya ba. Wuyan rigar ya shaƙe ni, na cusa hannun dama a ciki don in samu numfashi. Sai kujerar ta fara karkata, bakinta yana kallon ƙasa. Ƙarfen da na buɗe ya ɗaga. Rukayya ta sulale gaba.

Na danne ƙarfen da hannun hagu iya ƙarfina. Takalminta ɗaya ya fita. Na bi shi da ido. Jama'a, ban san ƙasa tana da nisa haka ba sai da na ga daɗewar da takalmin nan ya yi kafin ya isa.

Na yi ihu. To amma kowa a kan lilon ihu yake, ga kiɗa yana tashi. Ina hango Madam tana ɗago mana hannu tana dariya. Na taɓa rasa birki a gangara da fasinja cike, amma ranar akwai sitiyari a hannuna. Nan ba giya, ba birki, ba gefen titi. Salati ma sai rabi yake fita.

Rukayya ta ce, "Baba, haka ake yi?"

Na ce, "Haka ake yi, 'yata. Kada ki dubi ƙasa, dubi gemuna."

Takalmin ne ya cece mu. Kusa da Sande ya faɗi, ya ɗaga kai ya ga rigata a miƙe kamar an shanya ta. Ya kashe injin, ya kashe kiɗa. Muka tsaya cak dab da ƙololuwa, a karkace. Wurin ya yi tsit, sai kukan ƙarfe da iska. Ya ɗauki lasifika yana cewa, "Baba, cire kanka daga riga! Bar riga! Ƙarfe zai riƙe ku!"

Shi a saninsa ƙarfen a kulle yake. Ni kaɗai na san in na zare kaina, kujerar za ta koma da ƙarfi ta yi lilo, kuma ba abin da zai tare mu. Ga hannun hagun ya fara mutuwa. Da hannu ɗaya ba zan iya danna ƙarfen ya kulle ba, ga tumbi ya tsaya a hanya.

Na ce, "Rukayya, ƙarfen nan a buɗe yake. Ni na buɗe shi."

Ta dube ni. Ba ta yi kuka ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ce, "Sa hannunki biyu a kai. In na ce uku, zan haɗiye cikina, ki danna da duk ƙarfinki."

Muka yi na farko, bai shiga ba, kujerar ta yi wani ƙara ta ƙara sunkuyawa. Na ji wata mace ta ƙwala ihu a ƙasa. Idona ya fara ganin duhu-duhu. Muka sake. Na fitar da duk iskar da ke jikina, yarinyar nan ta kwanta a kan ƙarfen da ƙirjinta.

Ƙas.

Na sunkuya na zare kaina. Kujerar ta koma baya ta dawo gaba, ta wurga mu a kan ƙarfen har haƙarƙarina ya amsa, ta sake, ta sake. Ƙarfen ya riƙe. Na zare sauran rigar daga cinyata na sake ta, Sande ya sauko da mu a hankali.

Haka na taka ƙasar Abuja da singileti mai huji tara, rigata tana can sama tana kaɗawa. Yara suka fashe da dariya, ni kuwa na zauna daɓas. Madam ta rungume Rukayya tana ta kiran sunan Allah. Sande ya jijjiga ƙarfen ya ji shi a kulle, ya ce, "Ka gani, Baba? Wannan ne ya cece ku." Na ce haka ne.

Ranar Litinin aka ba ni takardar tuhuma kan barin mota da ƙin bin umarnin ma'aikacin wurin. Na sa hannu ban yi musu ba. Kowa rigar ya zarga. Zancen ƙarfe kuwa yarinyar ba ta faɗa wa kowa ba, ni na kai kaina wurin Sale bayan mako guda na faɗa masa. Ya ajiye abin waldarsa ya shige gida, sai da aka yi wata biyu kafin ya sake amsa sallamata.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. In kun kai yara irin wuraren nan, ku zauna wurin motarku. In mai kula da inji ya ce a cire, a cire, ko mayafi ne ko babbar riga, ya fi ku sanin injinsa kamar yadda kuka fi shi sanin motarku. Mu direbobi mun saba ɗaukar mai dubawa abokin gaba, mu yi masa wayo mu yi dariya. To wayon nan ba a kanmu kaɗai yake ƙarewa ba, kullum akwai wani zaune a gefe wanda bai san an buɗe ba.

A hanyar dawowa ranar, Madam ta zaunar da Rukayya a kujerar bayana, ƙafa ɗaya da takalmin da ya fashe. Wani malami ya ara mini riga. Mun kusa Zuma na hango jami'ai a gaba, kuma wallahi ban san lokacin da hannuna ya jawo bel ya ɗora a kafaɗa, cinyata ta danne bakinsa ba. Duk motar ana waƙa. Sai na ji 'yar murya a bayan kunnena.

"Baba, ban ji ya ce ƙas ba."