Mutumin da Ya Ƙi Rufe Famfon Ƙauye

Kafin baƙi su farka, Tio Gervásio, wato Kawu Gervásio, ya riga ya kama hanyar dutse, adda a hannu, takalman roba a ƙafa, dafaffiyar ayaba a ƙunshe cikin ganye. Bututun ruwa yake bi, tun daga bayan masauki har maɓuɓɓuga. Ya kwashe ganyen da ya toshe matatar ruwa, ya ɗaure inda biri ya ciza, ya janye reshen da ya faɗo. Idan ya sauko, riga sharkaf, sai ya leƙa kicin wajen Dona Perpétua mai girki, wadda ba ta taɓa ba shi kofi ba tare da tsiya ba.

"Tsoho, yau ma ka je gaida budurwar taka?"

"Na je. Ta ce ki rage gishiri a miya."

Sama da shekara ashirin ke nan yana wannan hawa da sauka a tsibirinmu na Príncipe. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwa ta ce ta gaji. Ni Ermelinda, mai gyaran ɗakuna, na ce ba zai tafi shiru ba.

Baƙinmu masu hali ne. Suna zuwa daga nesa su kwana a gidajen katako a ƙarƙashin manyan itatuwa, lantarki daga hasken rana, ba roba ko ɗaya, kowane gida da ɗan tafkin wankansa a gaba. Idan za su tafi sukan yabi abinci, su yabi kukan aku da safe. Ban taɓa jin wanda ya tambayi inda ruwa ke fitowa ba.

Bututu ɗaya ne ke saukowa daga dutse. A gindi ya rabu biyu: hannu ɗaya zuwa masauki, ɗaya zuwa famfon ƙauyenmu na masunta. Haka aka yi alkawari tun ranar da aka kafa tushen wurin.

Sai wata shekara rani ya ƙi ƙarewa, ruwa ya ja baya. Gidaje cike da baƙi, ga sabon manaja, Senhor Baltazar, wanda bai daɗe da zuwa daga Lisbon ba. Ba mugu ba ne, tsoro ne ya kama shi. Ya sami Tio a wurin wanki, a gabanmu, ya ce a rufe hannun ƙauye da rana har ruwan sama ya dawo.

"Ba zan rufe ba, Senhor."

"Ba shawara nake nema ba, Gervásio."

"Na ji. Ga sifana, ka rufe da hannunka. Amma ka je da safe, lokacin da mata ke kan layi, ka yi a gabansu."

"Ka san kana iya rasa aikinka?"

"Na sani. Kafin ka kore ni, bar ni in yi magana da baƙi."

A wurinmu doka ce, ma'aikaci ba ya kai wa baƙo damuwa. Amma manaja bai hana shi ba. Tio ya je ya sa farar rigarsa ta zuwa coci, ya ce in bi shi don ina ɗan jin Turanci. Gida gida muka bi. Maganarsa ɗaya ce a ko'ina: "Ruwan da ke cikin tafkin nan shi ne wanda ƙauyen can ke sha. In kun yarda, mu daina cika shi. Teku na nan ƙasa, ba ta ƙarewa."

Wani mutum ya fusata, ya ce ba don ya ji matsalar mutane ya ƙetaro duniya ba. Ya haɗa kayansa ya tafi ranar. Na ce a raina shi ke nan, Tio ya gama aiki, ni ma na bi shi. Amma a gida na gaba, wata dattijuwa daga Norway ta saurare mu har ƙarshe, ta ce, "Ashe jiya a ruwan shan mutane na yi iyo? Ku kwashe na ciki ma, ku kai musu su yi wanki." Sauran duk suka yarda, wasu da fara'a, wasu da tsuke fuska.

Hakan bai isa ba, maɓuɓɓuga na ci gaba da ƙafewa. Kowa ya san akwai wani rafi bayan tsohuwar gonar koko, amma da nisa, kuma an hana mota shiga dajin. Sai dai a ɗauki bututu a kafaɗa. Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Tio ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Gobe zan hau dutse da bututu. Wanda yake shan ruwa ya zo."

Washegari masunta suka bar jiragensu a kan yashi. Mata suka ɗauko tukwanen kifi da ayaba. Mu ma'aikata muka fito, har da wasu baƙi. Senhor Baltazar ma ya zo da takalman ofis, bai yi nisa ba ya zame ya zauna daɓas a laka. Tio ya ɗaga shi, ya miƙa masa kan bututu ya ce, "Riƙe nan, Senhor, shi zai riƙe ka." Bai bari an sare saiwa ko ɗaya ba. Inda itace ya tare hanya, sai a zagaye shi, masunta na gunaguni, shi yana musu waƙa.

Kusan mako muka yi. Ranar ƙarshe da tsakar rana duk ƙauye ya taru a bakin famfo. Famfon ya yi tari, ya tofo laka, ya yi shiru. Ba wanda ya motsa. Sai ga ruwa garau, da ƙarfin da ya ture bokiti. Aka ɗauko ganguna. Dona Perpétua ta cika ƙwarya ta juye wa Tio a ka, manaja na dariya, shi ma aka juye masa. Daga nan ba a sake maganar kora ba.

Kai ne, Tio, wanda ya sa maganar da masaukin nan ke gaya wa duniya, cewa yana kula da daji da mutanen wurin, ta zama gaskiya. Kai ne ka tsaya a ranar da dukanmu muka sunkuyar da kai, ba ka zagi kowa ba, ba ka kuma rufe ba. Namijin dutse, ka bar ƙauye da ruwa biyu inda ka tarar da ɗaya.

Ku da za ku karɓi addarsa, da ku da ke aiki a inda ba mai ganinku, ku yi irin nasa: ku riƙe aikin da kyau, in an ce ku cuci maƙwabci ku ce a'a, sannan ku tashi ku nemo wata hanya.

Da na gaya masa ina wannan rubutu, sai ya ce, "To ki sa cewa bututu na ɗiga a ƙarƙashin gada. A gyara kafin damina."

Na sa, Tio. Za a gyara. Ka je ka huta, mun gode.