Malam Saidou da Shahon da Ba Shi da Takarda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris 2017, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Saidou Harouna Damagaram a gidansa da ke Ulaisha, nan Riyad, bayan ciwon ƙirji na kwana biyu. Yau kwana tara ke nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe in rasa inda zan dosa.

Ga wanda bai san shi ba, shekara goma sha tara ya yi yana haɗa wa ƙananan jiragen sama takardun tafiya a kamfanin da ke kula da jirgin maigidana. Ni ne matuƙin jirgin, Bakano, kuma yawancin zirga-zirgarmu tsallake teku ne zuwa tsibirin Bahrain, tafiyar awa guda.

Malam, kai ka koya mini cewa kusancin tsibiri ba ya hana kwastan aikinsu. Ko kwalin dabino ne sai ka rubuta shi. Ba ka yarda mu sauka ana shirin Juma'a, don kada mu gasu a cikin jirgi muna jiran ma'aikata su dawo daga masallaci. Rigunan ceto na ruwa da hannunka kake ƙirga su, man jirgi kuma sai ya ishi zuwa da dawowa da ragowa. In na ce ai an tura musu faks, sai ka ce, "Kyaftin, faks ba ya amsa sallama. Kira su ka ji muryar mutum." Nakan ce Badamagare ya fi kwastan naci, kai kuma ka ce gaggawar Bakano ce ke sa ya manta hularsa a kasuwa.

Sha'aban, mai dafa wa maigida abinci, ba zai manta da kai ba. Har ya hau jirgi ka lura bizarsa ta fita da dawowa za ta ƙare muna can. Ka sauko da shi yana ta fushi. Da ya tafi, da ya maƙale a tsibirin, iyalinsa na nan.

Abin da ya hana ni sukuni kuwa ya faru mako uku kafin rasuwarka. Maigida ya zo da shahonsa na farauta a hannu, ba takardar likitan dabbobi, ba izinin fita da shi, ya ce a rubuta babu abin bayyanawa. Ka gaya masa cikin ladabi ba za ka rubuta babu ba alhali kana kallon tsuntsun. Ni kuwa iƙamata, wato takardar zamana a ƙasar nan, a hannun mutumin take. Tsoro ya kama ni, na mayar da shi faɗa a kanka. Da Larabci na yi maganar, don kowa ya ji: "Wanda bai taɓa ɗaga jirgi ba shi zai koya mana tashi? Rubuta kawai, yalla."

Kai kuma da Hausa ka amsa, murya ƙasa-ƙasa, don kada kowa ya ji: "In an kama tsuntsun a can, sunanka ne a takardar, Kyaftin, ba nawa ba."

Muka tashi ba shaho. Maigida ya kai ƙararka kamfanin, aka ɗauke ka daga ofis aka mayar da kai sito. Sau biyu ina zuwa Ulaisha, in kai bakin ƙofarka in juya. Na riƙa ce wa kaina za ka ɗauke ta wasan Kano da Damagaram. Ƙarya nake yi wa kaina, na san ba wasa na yi ba.

A wurin zaman makoki ƙanenka ya miƙe ya ce duk wanda ka saɓa wa ya yafe maka. Kowa ya ce ya yafe, har da ni, cikin kunya. Ba wanda ya tambayi mu da muka saɓa maka. Shekaranjiya na je na faɗa wa maiɗakinka, Hajiya Balkissa, komai. Daga bayan labule ta ce, "Bai taɓa gaya mini ba. Cewa ya yi an sauya masa wuri don ƙafarsa ta huta." Sannan ta ce, "Kyaftin, da ni ka yi wa, da na yafe. Amma ba ni ka yi wa ba."

Ina miƙa ta'aziyyata gare ta, da 'yarka Mariamou, da dangi na nan da na Damagaram. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Malam, Ya haskaka kabarinka, Ya suturta ka kamar yadda ka suturta ni, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarka.

Duk wanda ya karanta wannan ya yi maka addu'a, ina roƙonsa ya ƙara da guda saboda ni: Allah Ya sa ka riga ka yafe mini kafin ka cika. Ba ni da sauran wanda zan tambaya.

Ghali Abdulwahid, Al-Badi'a, Riyad