Ranar da na kai Mama wurin likitan haƙori

Shekarun baya, lokacin ina karanta labarai a rediyo, na lura mahaifiyata ta koma tauna da gefe guda. Muna da ciwon gado a gidanmu, ƙulle-ƙulle ne da ke fitowa a kan jijiyoyi. Nata sun bazu a wuya da hannuwa, nawa 'yan kaɗan ne a baya. Ashe ɗaya ya fito mata a dasashi, ya rufe haƙoranta na ciki. Abinci na maƙalewa, buroshi ba ya kaiwa wurin, ga ciwo.

Na same ta a garinmu Kona tana ɓarar gyaɗa, na ce mu je wurin likitan haƙori, ta ce ba inda za ta. Tana yarinya wanzami ya yanke wa yayanta irin wannan ƙulli, jini ya ƙi tsayawa, da ƙyar ya rayu. Na zauna na jero mata dalilai ɗaya bayan ɗaya, da muryar aiki.

"Kashe rediyon nan," ta ce. "Gobe ka zo mu je."

A asibiti ta damƙe bakinta. Likitar ta ce, "Mama, ba zan taɓa ƙullin ba. Haƙoran da ke ƙarƙashinsa nake so mu ceto. In aka bar su haka, za ki rasa su."

Mama ta nuna ni da haɓa. "Wannan ma yana da shi, a wurina ya samu. Shi yaushe an duba nasa?"

Ba a taɓa dubawa ba. Na fara cewa ai ni lafiyata lau.

"To ya hau. In ya sauka da rai, ni ma zan hau."

Na hau ina gumi, ta riƙe mini ƙafa. "Buɗe mana, ɗana. Kullum kana buɗe wa duk Taraba."

Aka sami kogo biyu, da ƙaramin ƙulli a bayan dasashina wanda likitar ta ce a riƙa dubawa. Mama ta leƙa ta gani da idonta, sannan ta gyara ɗankwali ta hau. Aka wanke nata, aka cike ɗaya, ba a cire ko guda ba.

Na daɗe ina ba da labarin yadda na shawo kanta. Sai bara ƙanwata ta faɗa mini cewa tun daren jajibirin ranar Mama ta ce mata, "Ni na riga na tsufa da nawa. Amma in ban je ba, wancan mai surutun ba zai taɓa zuwa ba."

Tun daga nan na gyara labarin. Yanzu cewa nake yi Mama ce ta kai ni.