Na Ba Mai Ƙosai Waƙoƙin Mahaifina

A lokacin ina da shekara ashirin da ɗaya, ina aji biyu a kwalejin ilimi, ina karanta Hausa. A Dangora na tashi a hannun mahaifiyata, don tun ina shekara shida aurensu da mahaifina ya mutu. Shi masunci ne, yana zaune can wajen Bagauda. Ban taɓa jin Inna ta ambace shi da alheri ba. Kullum cewa take ya fi son zama yana tsara waƙa a kan ya nemo mana abin da za mu ci. Da wannan magana na girma, har ta zama tawa.

Da ya ji abin da nake karantawa, sai ya aiko Goggo, ƙanwarsa, da wani tsohon littafi cike da rubutun ajami. Ta ce waƙoƙinsa ne na shekara da shekaru, ya ce ba shi da gona ko gida da zai bar mini, wannan ne gadona. Na karɓa don kunyarta. Tana tafiya na yayyage shi, na kai wa mai ƙosan bakin makaranta ta riƙa ƙunshi. Har daɗi na ji, wai na rama wa Inna.

Bayan wata biyu malaminmu na nazarin waƙa ya ce kowa ya samo waƙar da ba a taɓa bugawa ba, ya fitar da jigonta da amsa-amonta. Ina laluben jaka na ci karo da takarda ɗaya ta littafin nan da ta maƙale a ciki. Don in huta da yawo na zauna a kanta. Ina ƙirga gaɓoɓi sai na lura da abin da waƙar take faɗa. Waƙar wata yarinya ce da yake ɗauka a kafaɗa zuwa bakin ruwa, kuma kowane baiti da sunana ya ƙare. A ƙasa ya rubuta cewa ita ce ta goma sha huɗu, duk shekara yana yi mini ɗaya.

Da gudu na je wurin mai ƙosai, ta ce ai takardun sun daɗe da ƙarewa. Na bi bola da kwata ina tonawa kamar mahaukaciya, ban samu ko ƙyalle ba. Washegari na hau mota zuwa Bagauda, da niyyar in durƙusa ya karanto mini su da ka. Na tarar da shi kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, harshe ya karye. Ya gane ni, ya yi ta motsa baki, babu kalmar da ta fito. Goggo ta tambaye ni ina littafin, na kasa ɗaga kai.

Da na koma gida na faɗa wa Inna komai ina kuka. Sai ta rera baiti biyu na wata waƙarsa da ka, ta ce iyakar abin da ta riƙe ke nan.

Yau shekara uku, Baba bai sake magana ba. Na gane fushin da na ɗauka ba nawa ba ne, gadonsa na yi, na kuma salwantar da gadon waƙoƙin saboda shi. Iyaye, in kun rabu, ku ji tsoron Allah kada ku ɗora wa 'ya'ya rigimarku. Ku kuma 'yan'uwana, in wanda aka raba ku da shi ya miƙo muku wani abu, ku buɗe ku duba tun yana da bakin yi muku bayani.