Jar Fatar da na Tarar a Summerfield

Shekarun baya, ina karatun digiri na biyu a Greensboro ta Amurka, abokina ya haɗa ni da wani dattijo a Summerfield, wani gari kusa da mu, da ke neman mai taya shi kwashe littattafansa cikin kwalaye. Tsohon malamin tarihi ne, haihuwar Jamus, zai koma gidan 'yarsa saboda ƙafa ta fara ƙin ɗaukarsa. Na ɗauka aikin wuni ɗaya ne. Sai da na yi Asabar huɗu, domin duk littafin da na ɗaga sai ya ce in ajiye tukuna in ji labarinsa.

Kusan duka a kan garinsu suke. Ɗan ƙaramin gari ne, da gidan sarauta na dutse a bisa tsauni, kogi na bi ta ƙarƙashinsa. Ya ce zuriya ɗaya ta riƙe garin da 'yan ƙauyukansa ɗaruruwan shekaru, ba wanda ke haye gadar sai da izininsu. Manyan sarakuna sun kawo musu yaƙi, ganuwar ba ta faɗi ba. Abin da ya gama da su, na ƙarshensu ya rasu bai bar magaji ba, maƙwabta suka raba ƙasar. Yanzu hasumiya ɗaya ce ta rage, tsuntsaye ke kwana a ciki.

Ni dai "to, to" nake yi, hankalina na kan shinkafar da na bari a firij.

Ranar ƙarshe ya ɗauko wani littafi naɗe cikin ƙyalle, wanda aka jera sunayen sarakunan garinsu a ciki tun na farko. Ya ce bangon bai kai rubutun tsufa ba, amma shi ma ya girmi kakan kakansa. Ina taɓa bangon na gane shi. Jar fatar akuya ce, mai ƙananan ƙuraje, irin wadda na tashi ina gani shanye a ƙofar gidanmu.

"Mu muna ce mata fatar Maroko," in ji shi. "Amma an ce da yawanta daga kudancin Sahara raƙuma ke kawowa. Ka san ta ne?"

Mahaifina majemi ne. Tun zuwana Amurka duk wanda ya tambaye ni sana'arsa, ɗan kasuwa nake cewa. Ranar na faɗi gaskiya. Dattijon ya cire tabarau, ya jawo kujera ya ce in zauna. Shi da ya yi wata guda yana ba ni labari, ya koma yana rubuta yadda ake jiƙa fata a ruwan bagaruwa, a rina ta da karan dafi.

Ina shiga mota na tura wa mahaifina hoton, na kira shi.

"Baba, ka ga wannan? Ta haura shekara ɗari biyu."

Ya duba hoton, sannan ya ce, "Ta tsage a wajen lanƙwasa?"

"Ko kaɗan, Baba."

"To wanda ya jeme ta bai yi gaggawa ba. Allah ya jiƙansa."

Ba ni da tabbacin daga ƙasarmu fatar ta fito, dattijon ma bai rantse ba. Amma har yau ina tunawa da abin: sunayen masu mulki a ciki, aikin wani da ba a rubuta sunansa ba yana riƙe da su, mahaifina kuma shi ya yi wa addu'a.